Ɓerayen Uwani

Unguwar Rogo, Sakkwato
5 ga Satumba

Zuwa ga malamina, Malam Gideon,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fata kana lafiya, kai da uwargida Lydia da yara da jikoki. Yaya ƙafar? Yaya damina a Zonkwa? Na san kunnenka ya yi nauyi, waya ba ta yi maka daɗi, shi ya sa na ɗauki biro. Dama kai ka koya mini riƙe shi a ajin yamma, ina da shekara arba'in da ɗaya, ina zuwa da warin shanun kara a rigata. In ka ga kuskure ka gyara da jan biro kamar da.

Malam, albishirinka. Na yi jika! 'Yata Uwani ta haihu ranar Litinin, an sami mace. Ita ce jikata ta fari. Na raba goro a kasuwar kara har da waɗanda ba ma ga-maciji da su. Na ce wa matata Tani ta yi haƙuri, na yi amarya, ta ce in dai wannan amaryar ce ita za ta yi mata wanka.

Sai dai murnar tana tare da fargaba. Yarinyar bakwaini ce. Jinin Uwani ya hau, aka yi mata aiki aka ciro ta. Nauyinta kilo ɗaya da rabi, ni da na saba auna cinyar saniya na san abin da wannan ke nufi. An sa ta a kwalba. Ta gilashi na gan ta, na ga ta buɗe baki tana kuka amma ban ji komai ba. Uwarta tana wani ɗaki, ita tana wani ɗaki. Likita ya ce mu yi ta addu'a. Ku ma ku sa mu a taku.

Akwai kuma wani nauyi da ya hau kaina. Ka san Uwani tana karatun digiri na biyu, kuma da fararen ɓeraye take aiki. Kada ka yi dariya, ni ma na yi da farko. Akwai uwaye goma sha biyu, kowace da kejinta da 'ya'yanta. Keji shida masu shuɗin fenti ba a taɓa su. Shida masu jan fenti, kullum da ƙarfe tara ana kwashe 'ya'yan a sa su a akwati mai ɗumi, ba a mayar wa uwar sai sha biyu. Haka za a yi ta yi har mako biyu. Idan sun girma, bayan wata biyu da 'yan kai, sai a ba su irin ƙwayar nan mai hana barci da sa kuzari, a ga ko waɗanda aka raba da uwa sun fi sauran ruɗewa da ita da son ta.

Ba sai na faɗa maka abin da ya kai ta wannan karatu ba. Ka san yayanta Gazali. Uwarsa ta rasu yana da kwana tara, ni kuma ina bin shanu kasuwa-kasuwa, ya tashi hannu-hannu a gidajen dangi kafin in auri Tani. Da ya fara tuƙin tirelar shanu zuwa Kudu ya koyi shan ƙwayar. Abokan tuƙinsa sun sha sun bari, shi ta riƙe shi shekara bakwai. Yanzu ya daina, yana gida, amma ba shi da magana.

Tun da cikin Uwani ya yi nauyi ni nake kai ta ɗakin ɓerayen, tunda mijinta yana aiki a Maiduguri. Ina ɗaga mata keji, na ga yadda ake yi. To, tana kan gadon asibiti, bakinta da ƙyar yake motsi, ta riƙe hannuna ta ce in ci gaba da kwashewa da mayarwa, don in aka tsallake kwana ɗaya aikin shekara biyu ya lalace. Akwai Mamman, dattijon da ke kula da ɗakin, amma shi kaɗai ne, da tumaki da zomaye a kansa. Yakan buɗe mini da safe ya tafi, ya dawo sha biyu ya sa hannu a takarda ya kulle. Na yi mata alkawari.

Tani tana gaishe ku daga asibiti. Allah ya bar zumunci.

Ɗalibinka,
Junaidu na Kara


Unguwar Rogo, Sakkwato
20 ga Satumba

Malamina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida duka, ina sanar da kai an raɗa suna: Aishatu Humaira. Da hannuna na yanka ragon, ko da yake mai sunan tana cikin kwalba ba ta san ana yi ba. Kwana biyu bayan suna numfashinta ya tsaya na ɗan lokaci, aka kira mu, muka tsaya a baranda ba mai iya kallon wani. Allah ya dawo mana da ita. Yanzu tana shan nonon uwarta ta siririn tiyo, an ce ta ɗan ƙara nauyi. Ina zuwa kullum in gaida amaryata ta gilashi.

Malam, akwai abin da na yi, ban faɗa wa kowa ba, ko Tani. Kai zan faɗa wa.

A cikin keji shida masu jan fenti, uku an haife su kafin Uwani ta kwanta. Sauran ukun, na bakwai da na takwas da na tara, ranar Litinin ɗin da aka yi mata aiki aka haife su, rana ɗaya da Humaira. Tsaranta ne. Ka taɓa ganin ɗan ɓera ranar da aka haife shi? Ja ne, ba gashi, ido a rufe, bai kai ɗan yatsana ba. Da na fito daga wurin kwalba na zo na gan su a tafin hannuna, sai na ga kamar ita ce.

Ranar farko na yi yadda aka ce. Na kwashe, na zauna ina kallon agogo. Uwar tana zagaya kejin, tana tona shimfiɗa, tana miƙewa a kan ƙafa biyu. Sai na tuna Uwani ta taɓa gaya mini cewa 'ya'yan suna kiran uwarsu da wata murya wadda kunnen mutum ba ya ji. Wato ina zaune shiru a ɗakin, su kuwa kuka suke yi. Shekara arba'in ina harkar shanu, na raba maraƙi da saniya ba sau ɗaya ba, ban taɓa jin abin da na ji ran nan ba.

Rana ta biyu na kwashe duka shida. Bayan minti goma sha biyar na tashi na mayar da tsaran Humaira. Manyan ukun na bar su suka cika awa ukunsu, don in rage laifi. Na ce yau kaɗai. Kashegari ma na ce yau kaɗai. Haka har makon biyun ya cika.

Ba shi ke nan ba. Uwar keji na tara, haihuwar fari ce, da na mayar mata sai ta yi gefe ta ƙyale su. Ka san yadda Fulani ke yi idan karsana ta ƙi ɗanta: a barbaɗa wa maraƙin gishiri a baya, tana lasar gishirin sai ta karɓe shi. Na jiƙa gishiri a murfin kwalbar ruwa, na taɓa bayan kowanne da yatsa. Malam, ta lashe su tas, ta tattara su ƙarƙashinta. Daɗi ya kama ni har na yi tafi ni kaɗai. Sauran biyun ba su buƙaci gishiri ba, da an mayar sai su hau lasa kamar sun shekara ba su gan su ba.

Ina zama har sha biyu. Mamman ya zo, ya ga kowa yana kejinsa, ya sa hannu, ya ce sannu da aiki Alhaji. Ni ban rubuta ƙarya a takardarsu ba, amma na bar shi ya rubuta. A ƙaramin littafina kuwa na rubuta gaskiya: rana, lamba, ƙarfe nawa na kwashe, ƙarfe nawa na mayar. Dokar da ka kafa mana a aji ce, kowace rana layi uku na abin da ka yi, ba abin da ka so a ce ka yi ba. Shekara ashirin da bakwai ban fasa ba.

Jiya Uwani ta tambaye ni ɓerayenta. Na ce suna lafiya. Ta ce Allah ya saka, Baba. Yaya zan faɗa wa mai jego da ɗinki a ciki, 'yarta tana kwalba? Ka ba ni shawara. Ko dai ɓera ɓera ne, ba za a gane ba?

A gaida uwargida.

Ɗalibinka,
Junaidu


Unguwar Rogo, Sakkwato
25 ga Nuwamba

Malam Gideon,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ƙafar ta yi sauƙi, an kuma gama girbi lafiya. Takardarka ta iso tun watan jiya ta hannun direban motar Kafanchan. Ka yafe mini rashin amsa. Kunya ce. Kalma uku ka ja wa layi da jan biro, wato “ka faɗa mata”, ni kuwa ban faɗa ba.

Na fara da mai daɗi. Humaira ta dawo gida bayan mako biyar a kwalba. Suna nan wurinmu. Ta yi kumatu, kuma kukanta yanzu har maƙwabta suna ji. Idan na ɗauke ta takan kama gemuna. Amma uwarta ba ta sake ba. Tana shayar da ita, tana yi mata komai a kan lokaci, sai ta yi maza ta ajiye ta ta zauna tana kallonta daga nesa. Tani ta matsa mata, ta fashe da kuka, ta ce ita ta san abin da rabuwa da uwa ke haifarwa, shi take karantawa. Ta ce ɓeranta awa uku ne, 'yarta kuwa mako biyar, me zai hana ta zama kamar Yaya Gazali? Gazali yana tsakar gida, ya ji. Ya tashi ya fita.

Makon jiya aka yi gwajin, ni na kai Uwani. Akwai babban akwati da aka zana wa gida-gida a ƙasa kamar na dara. A yi wa ɓera allurar ƙwayar a sa shi ciki, a ƙirga gida nawa ya tsallaka. Akwai kuma wani mai ɗaki biyu, a ga ko ɓeran zai riƙa komawa ɗakin da ya saba samun ƙwayar. Masu shuɗin fenti sun yi gudunsu daidai gwargwado. Manyan uku masu jan fenti kuwa sai ka ce an kunna musu wuta, kuma ba sa barin ɗakin ƙwayar. Uwani tana rubutu tana cije leɓe.

Sai aka zo kan na bakwai da na takwas da na tara. Suka ɗan zagaya, suka tsaya suna gyaran gashi. Har sun fi masu shuɗin fenti natsuwa. Ta sake da wani, haka. Ta duba allurar, ta duba lambar, ta dube ni ta ce Baba ka ga ikon Allah, rabi sun bi, rabi sun ƙi. Na ce ikon Allah.

Farfesan da ke duba aikinta ya ce ba a yin haka kawai, wani abu ya faru a ɗakin nan tana asibiti. Ya ce ko an haɗa keji, ko an yi sakaci da lokaci. In ba a gano ba, duk sakamakon ba abin yarda ba ne, sai shara. Hannun da ke kan takarda kuwa na Mamman ne. An ba shi takardar tuhuma, ranar Alhamis zai tsaya gaban kwamiti. Saura shekara biyu ya yi ritaya. Uwani ba ta ambaci sunana ba, don ba a yarda wanda ba ma'aikaci ba ya taɓa dabbobin, kuma ko a mafarki ba ta zarge ni ba.

Yau da hantsi Mamman ya zo har gida a kan kekensa. Ya cire takalmi, ya zauna a tabarma, ya ce ya yi shekara talatin da uku bai taɓa haɗa kejin wani da na wani ba. Ya ce Alhaji kai ne shaidata, kai ka zauna a ɗakin, ka zo ka gaya musu komai ya tafi daidai. Na kawo masa ruwa.

Malam, in na yi shiru mutumin kirki zai tafi da tabo, aikin Uwani kuma ya tafi shara. In na yi magana, ita za a kama da laifin shigar da ni, kuma za ta san ubanta ya dube ta a gadon asibiti ya ɓoye mata. Littafin yana aljihuna. Sau biyu na kai hannu in jefa shi a murhu. Kafin wannan takarda ta iso ka, Alhamis ta wuce, don haka ba shawara nake nema ba. Na riga na san abin da za ka ja wa layi.

Naka,
Junaidu


Unguwar Rogo, Sakkwato
14 ga Disamba

Malamina na kaina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da uwargida Lydia da duk gida. Ga ƙullin kilishi nan na Kirsimeti, mai yaji naka ne, marar yaji nata. Na san kana jiran labari.

Ranar Laraba bayan la'asar na kira Uwani zaure. Ban iya dogon bayani ba. Na miƙa mata littafin a buɗe a shafin huɗu ga Satumba. Ta karanta a tsaye, shafi bayan shafi. Da ta zo kan gishirin sai ta zauna a ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce Baba, na tambaye ka, ka ce suna lafiya. Na ce ai lafiyarsu lau. Ta ce ka san ba ita na tambaya ba. Ta shiga ciki da littafin. Tani ta ce da ni, tsohon banza, ka je ka yi wa ɓera renon maraƙi.

Alhamis na sa babbar riga na bi Uwani da Mamman wurin kwamiti. Na tsaya gaban mutum biyar masu tabarau na faɗi abin da na yi, Mamman yana gefe baki buɗe. Farfesa ya karɓi littafin ya daɗe yana dubawa. Ya tambaye ni da wane agogo na duba lokaci, na nuna masa na hannuna. Ya tambayi inda na yi makaranta, na ce ajin yamma, wurin Malam Gideon. Ya ce a gaishe ka, ya ce ɗalibansa da yawa ba sa rubuta abin da suka yi dalla-dalla haka. Sannan ya wanke ni tas, ya wanke Uwani, ban taɓa shan faɗa irin wannan ba tun ina yaro.

Ga yadda aka yanke. An janye tuhumar Mamman, da gargaɗin kada ya ƙara sa hannu a kan abin da bai gani ba. Na bi shi har gida a unguwar Gidan Dahala na roƙi gafara. Ya ce ya yafe, amma ya ce in na ƙara zuwa kusa da ɓerayensa da tsintsiya zai kore ni. Keji na tara an fitar da shi saboda gishirina. Sauran aikin bai tafi shara ba, tunda yanzu an san abin da ya faru da kowane keji, amma sai Uwani ta sake da sababbin haihuwa. Karatunta ya ƙaru da wata shida. Ni na jawo mata, ba zan ɓoye ba.

Farfesan ya ce abin da aka gani a tsaran Humaira ba baƙo ba ne, masana sun rubuta shi. Idan rabuwar gajeriya ce, uwar takan ninka lasa da tattali in an mayar mata, 'ya'yan su tashi da natsuwa. Ya ce a sabon aikin ta yi kashi uku, har da na minti goma sha biyar, ta kuma riƙa ƙirga yawan lasar uwa bayan an mayar.

Kwana huɗu Uwani ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa. A na biyar na shigo na same ta a tsakar gida, ta sa Humaira cikin rigarta, ƙirji da ƙirji, ta ɗaure da zane, tana karanta littafina. A asibiti an daɗe da ce mata ta riƙa yin haka, tsoro ya hana ta. Na ce to, ashe ba rabuwar kaɗai ba ce, har da abin da uwa ta yi da aka mayar mata. Ta ce Baba kada ka yi saurin yin fatawa, ɓera ba mutum ba ne, keji biyu kuma ba hujja ba ne. Tana faɗa tana shafa kan yarinyar. Tun ran nan ba ta ajiye ta sai dole.

Gazali ya shigo a lokacin. Ta ciro Humaira ta ɗora masa a hannu ba ta tambaye shi ba. Ya tsaya ƙiƙam kamar an ba shi ƙwai. Na matsa don in gyara masa riƙon, sai na ga hannuna a kan kafaɗarsa. Malam, shekararsa talatin da shida, na kasa tuna ranar da na taɓa riƙe shi. Ni da na san a sa wa maraƙi gishiri. Ban ɗauke hannun ba, shi ma bai matsa ba. Ban san ko an makara ba. Yanzu dai tare muke cin tuwo.

Sababbin ɓerayen sun haihu shekaranjiya. An hana ni shiga ɗakin har abada, amma an ba ni wani aiki. Daga tara zuwa sha biyu, lokacin da Uwani ke can tana raba 'ya'yan ɓera da uwayensu, ni ke riƙe da amaryata. Ta ce in ɗauke ta, in yi mata waƙa, in yi duk abin da na ga dama, in kuma rubuta a littafi. Sharaɗi ɗaya ta kafa mini: ban da gishiri.

Ga ta nan a cinyata, ita ta sa rubutun ya karkace. Wannan kada ka gyara.

Allah ya kai mu sabuwar shekara lafiya, ya haɗa fuskokinmu.

Ɗalibinka har kullum,
Junaidu na Kara, kakan Humaira